Tayin Daƙiƙar Ƙarshe a Gwanjon Intanet: Amsoshin Wasiƙun Masu Karatu

Wasiƙu uku ne a wannan fitowa suka taru a kan magana ɗaya, wato mutumin da yake yin shiru har sai gwanjon intanet ya zo gab da rufewa sannan ya jefa tayinsa ya tafi da kaya. Na taƙaita wasiƙun kaɗan saboda ƙarancin fili.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne da ya yi ritaya, kuma shekara da shekaru ina tara tsofaffin kuɗin zamanin Turawa, tun daga anini da ɗari da kwabo mai huji har zuwa sule da fataka. A watan jiya na ga aninin alminiyum na 1907 a gwanjon eBay, irin wanda na daɗe ina nema, lafiyayye, rubutunsa duk a fili. Gwanjon na kwana 7 ne. Tun rana ta biyu na rubuta dalar Amurka 42 a matsayin iyakar abin da zan biya, kuma har ranar rufewa ni ne a gaba a kan dala 31. Ina zaune da waya a hannu ina kallon agogo yana sauka, saura daƙiƙa 4, sai wani da bai taɓa tayawa ba ya faɗo, aka rufe a kan dala 43. Da dala ɗaya tak ya raba ni da abin. Shin wannan ba maguɗi ba ne, kuma me ya sa masu shafin suke ƙyale shi? Daga wani mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya ba da haƙuri. Aninin da ka rasa abin so ne da gaske, domin yana cikin kuɗaɗen alminiyum na farko da aka taɓa bugawa a duniya, kuma ba a daɗe ana buga shi da wannan ƙarfe ba, tun da a 1908 aka koma ga gaurayen jan ƙarfe da nikel saboda alminiyum ɗin yana saurin lalacewa a yanayinmu. Samun lafiyayye ba kullum ba ne.

Amma bari in fara da gyara lissafin, domin a nan ne ɓacin ran ya samo tushe. Ba da dala ɗaya aka kayar da kai ba. Tsarin eBay, tun daga shekarunsa na farko bayan Pierre Omidyar ya kafa shi a 1995, shi ne mai saye ya rubuta iyakar abin da zai iya biya, shafin ya ɓoye wannan adadi, sannan kwamfuta ta zama kamar dillalinsa, tana ƙara masa tayi kaɗan-kaɗan duk lokacin da wani ya zo, ba ta wuce iyakar da ya ba ta. Dala 31 da kake gani ba ita ce tayinka ba, tayin wanda yake bin ka ne aka ɗora wa ƙari ɗaya, kuma a tsakanin dala 25 zuwa ƙasa da dala 100 wannan ƙari dala ɗaya ne. Da baƙon nan ya shigo, dillalinka na kwamfuta bai yi barci ba, nan take ya kare ka har zuwa dala 42, a nan ƙarfinsa ya ƙare. Shi kuwa baƙon an caje shi dala 43 ne domin ita ce iyakarka haɗe da ƙari ɗaya. Ta yiwu abin da ya rubuta dala 45 ne, ta yiwu 60 ne, ta yiwu 100 ne. Da ya rubuta 40, da aninin yana hannunka yanzu, ko da kuwa saura rabin daƙiƙa ya shigo. Wanda ya fi tayi shi ne yake ɗauka, ba wanda ya zo ƙarshe ba, kuma idan tayi biyu suka yi daidai, wanda ya riga ne ake ba.

Wannan tsari da mai nasara yake biyan kuɗin na biyu ba sabo ba ne. Masu tara kan sarki sun yi ta gwanjo ta wasiƙa a kan irin wannan ƙa'ida tun ƙarshen ƙarni na 19, sannan a 1961 masanin tattalin arziki William Vickrey, wanda daga baya ya sami lambar Nobel a 1996, ya nuna cewa a irin wannan gwanjo babu dabarar da ta fi mutum ya rubuta ainihin darajar da kayan yake da ita a wurinsa.

To, idan haka ne, me ya sa mutumin ya jira har saura daƙiƙa 4? Amsar tana cikin wasiƙarka, Malam. Ka ce kana zaune da waya a hannu. Me kake jira, in ba don ka ƙara ba idan aka wuce ka? Ma'ana dala 42 ba ita ce iyakarka ta gaskiya ba, kuma shi wannan baƙon ya san cewa mafi yawan masu taya haka suke. Da ya shigo tun rana ta uku, da ka ga saƙo cewa an wuce ka, da ka ƙara, shi ma ya ƙara, a yi ta ja-in-ja har kuɗin ya kai inda ɗayanku zai yi da-na-sani. Abin da ya hana ka shi ne damar canja ra'ayi. Turawa suna kiran wannan dabara da sunan maharbin da yake laɓewa ya yi harbi ɗaya, mu kuwa muna iya ce mata tayin kwanton ɓauna, kuma dokar eBay ba ta hana ta ba.

Dabarar ta girmi intanet da ɗaruruwan shekaru. A Ingila ta ƙarni na 17 ana yin gwanjon kyandir, inda za a kunna ɗan guntun kyandir, duk wanda tayinsa ya zama na ƙarshe kafin wutar ta mutu shi ne ya saya. Samuel Pepys, ma'aikacin rundunar jiragen ruwan Ingila, ya rubuta a littafin da yake ajiye labarin kwanakinsa cewa a 1662 ya halarci gwanjon wasu tsofaffin jirage, ya lura da wani mutum da kullum shi ne yake yin tayin ƙarshe. Da ya tambaye shi sirrin, mutumin ya gaya masa cewa gab da wutar za ta mutu hayaƙin yakan sauko ƙasa, da wannan yake gane lokacin da zai yi magana. Duk inda aka yanke wa gwanjo lokacin rufewa, za a sami mai lura da hayaƙi.

Masana biyu, Alvin Roth da Axel Ockenfels, sun bi diddigin wannan al'amari a wani nazari da suka wallafa a 2002, inda suka kwatanta gwanjon eBay da wanda Amazon yake yi a wancan lokaci. Bambancin shafukan biyu ƙa'ida ɗaya ce. A eBay idan lokaci ya cika an rufe ke nan, a Amazon kuwa ba a rufewa sai an yi minti 10 babu wanda ya ƙara tayi. Sun gano cewa a eBay kashi 40 cikin 100 na gwanjon kwamfutoci da kashi 59 cikin 100 na gwanjon kayan tarihi tayinsu na ƙarshe ya shigo ne a cikin minti 5 na ƙarshe, alhali a Amazon abin bai wuce kusan kashi 3 cikin 100 ba. Sun kuma ga cewa a eBay tsofaffin hannu ne suka fi jinkirta tayi, ba sababbin shiga ba.

Ka dubi yadda kayan tarihi suka fi kwamfutoci, domin wannan shi ne ya shafe ka kai tsaye. Kwamfuta kowa yana iya duba farashinta a kanti. Tsohon kwabo kuwa darajarsa tana cikin kan wanda ya sani. Ɗauki kwabon 1936 mai ɗauke da sunan Sarki Edward na 8, wanda ya sauka daga gadon sarauta a watan Disamba na wannan shekara. A Ingila kuɗi mai sunansa bai shiga hannun jama'a ba, amma an buga wa Afirka ta Yamma, don haka sabon shiga yakan ɗauka ya tsinci dami a kala, alhali an buga shi da yawa kuma ba shi da wuyar samu. Gwani shi ne yake juya kwabon ya nemi ɗan ƙaramin harafin H, alamar masana'antar Heaton ta Birmingham, ko KN ta King's Norton, ya haɗa da shekarar bugu, ya duba ko an goge shi da wani abu har ya rasa launinsa na asali, sannan ya san wanne ne na dala 3, wanne ne na dala 300. Idan irin wannan gwani ya taya da wuri, ya yi shela ke nan cewa akwai abu a nan, sai waɗanda ba su sha wahalar koyon ba su bi sawunsa. Shirunsa kare iliminsa ne, kuma ni ban ga laifinsa a kan haka ba.

Abin da zan ce maka shi ne, ba a yi maka maguɗi ba, amma na yarda akwai ɗaci a cikin tsarin, kuma mai sayarwa ma yakan ɗanɗana shi, tun da kuɗin da ja-in-ja za ta kawo masa ba ya zuwa. Idan aninin ya sake fitowa, ka zauna tun kafin ranar ka tambayi kanka adadin da idan wani ya wuce shi da dala ɗaya ba za ka ji komai ba. Wannan adadin za ka rubuta.

TAMBAYA: Malam, ni ɗan kasuwa ne, kuma ɗana yana saye mini tsofaffin agogunan hannu a gwanjon intanet ina sayarwa. Na ga yana jira sai lokaci ya kusa ƙarewa sannan ya taya a kan tayin wani. Zuciyata ba ta kwanta ba, domin mun karanta cewa an hana mutum ya yi ciniki a kan cinikin ɗan'uwansa. Daga wani mai karatu a Maraɗi.

AMSA: Alhaji, Allah ya saka da alheri a kan wannan tsantseni. Hanin da ka ambata tabbatacce ne, amma malamanmu sun bayyana gurbinsa. A cikin Muwaɗɗa, Imam Malik ya fassara shi da lokacin da mai kaya ya riga ya karkata ga mai saye, sun shiga maganar awo da biyan kuɗi, sallamawa kawai ta rage, sannan ya ce babu laifi mutane da yawa su taya kayan da aka fito da shi don sayarwa, domin da za a ce kowa ya janye da zarar mutum na farko ya taya, da an karɓe kayan mutane da arha an cuci masu sayarwa. Haka ma Risala ta ce hanin yana kan lokacin da suka kusa daidaitawa, ba farkon tayi ba. A gwanjo mai kaya ya riga ya shelanta cewa ba zai sallama wa kowa ba sai lokaci ya cika, saboda haka wanda yake gaba a rana ta shida bai mallaki komai ba tukuna, kuma kowa ya shiga ne da sanin wannan sharaɗi. Mafi yawan malamai sun halatta cinikin gwanjo, wanda littattafan fiƙihu suke kira muzayada.

Abin da ya kamata hankalinka ya fi tashi a kansa wani ne daban, shi ne najashu, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito haninsa daga Abdullahi ɗan Umar. Najashu shi ne mutum ya ƙara wa kaya kuɗi ba don yana nufin saye ba, sai don ya ruɗi wani ya biya da tsada. Duk wanda ya san kara ya san yadda ake yi, inda wani zai tsaya kusa da sa yana tayawa da ƙarfi alhali bakinsu ɗaya da mai san. A intanet abin ya fi sauƙi, domin mai kaya yana iya buɗe asusu na biyu da wani suna, ko ya sa abokinsa, su riƙa tura tayi kaɗan-kaɗan har su gano inda iyakar mai saye na gaskiya ta tsaya. Dokar eBay ta haramta wannan, kuma a Amurka ana gurfanar da mutane a kansa. A shekarar 2000 an sa wani zane a eBay da aka yi wa alamun da za su sa a zaci na mai zane Richard Diebenkorn ne, masu abin suka yi ta taya kayansu da sunaye daban-daban har kuɗin ya haura dala 135,000, daga baya asiri ya tonu, aka soke cinikin, maganar ta kai kotun tarayya.

Idan ka lura, abin da ɗanka yake yi garkuwa ce daga wannan cuta. Mai najashu yana buƙatar lokaci da kuma tayin da zai yi ta tunkuɗawa sama. Wanda bai ajiye iyakarsa a shafi tun kwana biyar kafin rufewa ba, bai bar masa abin tunkuɗawa ba. Sharaɗin da zan sa wa yaron ɗaya ne, kada ya taya abin da ba zai biya ba, domin tayi a gwanjo alkawari ne, kuma wanda ya ci gwanjo a daƙiƙar ƙarshe sannan ya ƙi biya ya cuci mai kaya, ya kuma cuci wanda ya kayar. Haka kuma kada ya haɗa baki da wasu masu saye a kan su janye masa don kaya ya faɗi, a raba riba daga baya.

TAMBAYA: Ina tara kan sarki na zamanin mulkin mallaka, musamman na Gold Coast, wato Ghana ta yau, da na Arewacin Najeriya. Sau biyu na gwada tayin ƙarshe da hannuna, sau biyun intanet ta tsaya, kafin shafi ya buɗe an rufe. An ce akwai manhajar da take yi wa mutum. Shin in amince da ita? Daga wata mai karatu a Kumasi.

AMSA: Malama, kin zaɓi fage mai daɗi, domin Arewacin Najeriya ta yi kan sarkinta na kanta ne na ɗan taƙaitaccen lokaci, daga 1900 zuwa haɗewar 1914, kuma a cikinsu akwai na fam 25 na 1904 mai hoton Sarki Edward na 7, wanda yake cikin mafi wuyar samu a duk kan sarkin ƙasashen da Ingila ta mallaka a Afirka. Idan kika gan shi da arha a gwanjo, ki ɗauka jabu ne har sai takardar shaidar ƙwararru ta nuna akasin haka.

Abin da ya same ki shi ne farashin wannan dabara, kuma su Roth ma sun ambace shi, wato tayin da aka jinkirta yana iya ƙin shiga gaba ɗaya. A wurinmu haɗarin ya ninka, saboda ɗaukewar wuta da raunin layin waya, ga kuma bambancin lokaci, tun da gwanjon da mai kaya a Kalifoniya ya tsara ya ƙare da yammacinsu, a Kumasi ko Kano tsakar dare ne. Manhajojin da aka gaya miki suna nan, irin su Gixen, kuma aikinsu shi ne ki rubuta musu lambar kayan da iyakar kuɗinki tun da wuri, su ajiye a kwamfutocinsu, su aika tayin saura 'yan daƙiƙu ko kina barci. Ni ina ganin babban amfaninsu ba saurin ba ne. Suna tilasta wa mutum ya yanke shawara da sanyin zuciya, kuma yana iya rage adadin ko ya fasa kafin lokaci, abin da eBay ba ya bari a yi cikin sauƙi da zarar tayi ya shiga.

Sai dai ki sani cewa za ki ba su izinin yin tayi da sunanki, don haka kada ki miƙa asusunki ga wata manhajar da aka turo miki ta WhatsApp ko wadda ba a san ta ba, kuma duk abin da ta taya ke ce za ki biya. Su ma sukan gaza wani lokaci. Sannan ki karanta ƙa'idar rufewa ta kowane gwanjo kafin ki wahalar da kanki, domin ba ko'ina dabarar take aiki ba. A gwanjon Yahoo na Japan mai kaya yana iya zaɓar a ƙara minti 5 duk lokacin da tayi ya shigo a ƙarshe, a Trade Me na New Zealand ana ƙara minti 2, kuma gidajen gwanjon kan sarki da yawa suna bin kaya ɗaya bayan ɗaya ne kai tsaye har sai masu taya sun yi shiru. A irin waɗannan wurare jira ba ya ƙara miki komai, gara ki rubuta iyakarki ki tafi harkarki.

Wajen fitar da iyakar, ki fara cire kuɗin aikowa da na canji da abin da za a iya caja a kwastan, abin da ya rage shi ne tayinki. Ki duba farashin da aka sayar da irin kan sarkin a baya, wanda eBay yake nunawa idan kika zaɓi kayan da aka riga aka sayar, ba farashin da masu kaya suke nema ba. Kada kuma ki tsaya a kan cikakken adadi, domin mutane da yawa a kan 20 ko 50 suke tsayawa. Idan kin yanke dala 50, ki rubuta 51 da 'yan santi. In kuwa da hannu za ki yi, kada ki jira saura daƙiƙa 3 irin na masu layi mai ƙarfi. Ki buɗe shafin tun da sauran minti 10, ki tabbatar asusunki a buɗe yake ba zai sake neman kalmar sirri ba, ki rubuta adadin ki kai har matakin tabbatarwa, sannan ki danna saura kamar daƙiƙa 15 zuwa 20.